Ranar da Bijimi Ya Huta

Rular da wani ya manta a kan akwatin kwamfutar ta lanƙwashe kamar baka. Sabuwa ta hango ta ne a kan hanyarta ta zuba wa firinta takarda. Ta tsaya, ta ɗauke ta da yatsu biyu, ta sake ta da sauri saboda zafi. Ba wanda ya lura. A ofishin nan ba a cika lura da ita ba, ita ma ba ta so a lura. Tun ranar da ta zo aka ce "ga sabuwa," sunan ya bi ta, har ta daina jiran a tambaye ta na gaskiya.

Yau ce ranar ƙarshe ta watannin gwajinta. Kafin a tashi, Manaja zai ce ta zauna ko ya ce ta tafi. Ta daɗe a gida da digiri a ƙasan akwati kafin ta samu wannan kujera, don haka tun da ta fito wayarta ke motsi a aljihun jaka. Mama ce.

"An ce wani abu?"

"Mama, yanzu fa na iso."

"To. In an ce ki faɗa min."

Ba ta gama zuba takardar ba wayar ta sake motsi.

Kamfanin na kai kaya ne gida-gida. Mutum ya yi oda ta waya, odar ta faɗo cikin kwamfutar da ke kusurwa, ita kuma ta tura wa mai babur ɗin da ya fi kusa. Wannan kwamfuta Manaja ya raɗa wa suna Bijimi, shi ya sa kowa ke ce masa "shi." Sunan kuwa ya dace. Daga safe har yamma, daga yamma har wata safiya, fankar cikinsa tana gurnani kamar injin niƙa, har sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji. Zafinsa ma ba a bar shi ya tafi a banza ba. Sakatariya a kansa take ɗora kofin shayinta don kada ya huce. Akanta, in ruwa ya dake shi a hanya, a kansa yake shanya safa. Akwai ranar da aka dafa ƙwai, ko da yake an yi gardama kan ko ya nuna.

A bango, kusa da ƙofar Manaja, an kafa wani allo mai allura irin ta motar da ke nuna gudu. Ita ke nuna yawan aikin da ƙwaƙwalwar Bijimi ke yi. Tun da aka kafa ta tana kwance a ƙarshen ja, ɗari bisa ɗari, ba ta taɓa ɗagowa ba. Kowace safiya Manaja yakan tsaya a ƙarƙashinta, ya soke babban yatsa a bel ɗinsa, ya ce, "Ku dube shi. Ba ya zuwa suna, ba ya zuwa biki, ba ya cewa kakarsa ta rasu. Ku yi koyi." Daga nan ya shige ofishinsa ya rufe ƙofa. Ba mai tashi da yamma sai ya fito ya tafi, ko da lokaci ya wuce, ko da aiki ya ƙare tun azahar. Haka aka saba.

Sabuwa ta san ciwon Bijimi tun makonta na farko, ranar da ta leƙa 'yar manhajar da ke karɓar oda. Odar ba ta da yawa. Wani lokaci sai a yi rabin awa ba a samu ko ɗaya ba. Amma wanda ya rubuta manhajar bai koya mata jira ba. In babu oda sai ta tambaya: akwai aiki? Babu. Akwai aiki? Babu. Haka take yi sau dubbai kafin ƙiftawar ido, kamar mai jiran baƙo da ya tsaya yana buɗe ƙofa yana rufewa har ƙyauren ya cire. Duk gurnanin nan da zafin nan, tambaya ce kawai.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Ita an ce ne ta riƙa sauya tawadar firinta, ta kuma taimaki wanda ya manta lambar sirrinsa. Amma yau da ta sunkuya ɗaukar rular daga ƙasa, ta ji ƙauri, irin na wayar wuta da ta fara narkewa. In Bijimi ya ƙone a ranarta ta ƙarshe, ita ce 'yar kwamfuta, ita za a kalla. Ta koma teburinta, ta dubi hagu da dama, ta buɗe manhajar ta ƙara layi ɗaya: in ka duba babu komai, dakata daƙiƙa guda kafin ka sake dubawa. Ta danna, ta naɗe hannuwanta a cinya.

Gurnanin ya fara sauka a hankali, kamar motar da ta iso tasha. Allurar ta ɗago daga ja, ta ratsa rawaya, ta gangara kore, ta je can ƙasa ta zauna a kan biyu.

Sakatariya na tsakiyar waya da ƙawarta, da muryar da ta saba amfani da ita a ofishin. "...ni dai tun da na zo ban taɓa ganin ya karanta takarda kafin ya sa hannu ba!" Maganar ta faɗo cikin shirun kamar faranti a kan siminti. Ta kife wayar. Daga ƙarƙashin teburin Akanta aka ji wani a rediyo yana ihun an ci ƙwallo, shi kuma ya shiga lalube yana neman inda ake rage murya. Agogon bango, wanda ba wanda ya san yana da sauti, ya shiga bugawa.

Ƙofar Manaja ta buɗe. Idanunsa sun yi ja, ga shatin maɓallin hannun riga a kumatunsa. Sabuwa ta gani, ta mai da idonta ƙasa.

"An ɗauke wuta?"

"Akwai wuta, ranka ya daɗe," in ji Akanta.

Manaja ya ɗaga kai ya ga allura. Ya dafe ƙirji. "Innalillahi. Ya mutu?"

Duk aka juya wajen Sabuwa. Ta miƙe.

"Lafiyarsa ƙalau, ranka ya daɗe. Layi ɗaya na ƙara."

"Layi ɗaya ne ya kwantar da Bijimi?"

"Da can in babu oda, tambaya yake ta yi, akwai aiki, akwai aiki, ba tsayawa. Ita ce ke cinye masa ƙarfi. Yanzu in ya duba bai ga komai ba, sai ya dakata daƙiƙa guda, sannan ya sake dubawa."

"A cikin daƙiƙar me yake yi?"

"Ba komai."

"Ba komai," Manaja ya maimaita, yana juyawa wajen sauran kamar mai neman shaidu. "Da wutar kamfani?"

"Ai wutar ma za ta ragu, ranka ya daɗe."

"To in oda ta zo yana tsakiyar wannan ba komai ɗin nasa fa?"

Kamar an aiko ta, sai ga oda ta faɗo. Bijimi ya yi ɗan ƙara, allurar ta motsa kamar gira, sunan mai babur ya fito a allo. Kafin Manaja ya rufe baki an gama.

"Kun gani?" in ji shi. "Ko miƙewa bai yi ba. Daga kwance ya yi aikin. Wannan ai raini ne."

"Ya fi da sauri ma," ta ce, can ƙasa-ƙasa.

"Ke, surukina ne ya rubuta wannan abin. Mutumin da ya ƙare ido a kan kwamfuta kina rarrafe. Ya ba mu ma'aikacin da ba ya zama, ke kin zo kin koya masa zaman banza." Ya dubi agogo. "Mai Kamfani zai zo bayan cin abincin rana. Kafin ya tako nan ina son in ji gurnani, in ga ja. Kin san dai yau ranarki ce."

"Zai ƙone, ranka ya daɗe. Na ji ƙauri."

"Ƙaurin aiki ne. Ba ki saba jin sa ba ne." Ya shige ya rufe ƙofa.

Sakatariya ta taɓa kofin shayinta, ta ji ya yi sanyi, ta yi tsaki. Ta kama hannun Sabuwa ta ja ta zuwa matakalar bene.

"Ƙanwata, garin gyaran gira kin tsone mana ido. Kin san me allurar nan take yi mana?"

"Tana nuna aikin ƙwaƙwalwar..."

"Tana ciyar da mu. Sau nawa Mai Kamfani ya zo da niyyar rage mutane? Da ya shigo ya ji gurnani, ya ga ja, ya ga muna ta kai da kawo da takardu, sai ya ce Allah sarki, ya koma. Bara ma har fankar sama ya ƙara mana. Yanzu ya zo ya ga biyu. Biyu fa! Me zai fara tambaya? In biyu kacal na'ura take yi, ku nawa kuke yi? Ke kina da amsa? Ni dai ba ni da ita, kuma 'ya'yana uku."

"Anti, in na mayar, zai ƙone. Kuma ni ce na taɓa shi ƙarshe."

"To ai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. In kin bari, ki tafi yau. In kin mayar, ki tafi ranar da ya ƙone. Ki zaɓi wanda ya fi nisa."

Wayar ta motsa. Sabuwa ta ɗauka.

"An ce wani abu?"

"Mama, don Allah ki ajiye wayar ki huta. In an ce, ni zan kira ki."

"In huta? Ina kika taɓa ganin uwa ta huta? Ni dai na ce in tambaya ne."

Ta kashe, ta jingina da bango. A hawan ƙasa akwai shagon gyaran gashi, ƙofarsa a buɗe. Daga can wani sauti ke hawowa, mai kauri, ba ya yankewa, ana busar wa wata da kai. Sabuwa ta saurara. Ta ji kunya tun kafin ta buɗe baki, amma ta buɗe.

"Anti, shi Mai Kamfani, aikin yake dubawa, ko ja da gurnanin?"

Sakatariya ta dube ta, ta dubi ƙasan bene, ta sake dubanta. "Kai, shiru-shirun nan ba ku da kyau," ta ce, ta tattare zaninta ta sauka.

Ba a taɓa yin aiki a ofishin nan kamar na wannan hantsin ba. Sakatariya ta dawo da draya, abin busar da gashin, a ƙarƙashin mayafinta, bayan ta yi wa mai shagon alkawarin za a dawo da ita kafin yamma. Akanta ya cire agogon hannunsa, ya naɗe hannun riga, ya kwanta rub da ciki a bayan teburin Bijimi da zare da salatif. Da farko ya saita bakin drayar kan Bijimi kansa, Sabuwa ta ce a'a, shi ake son a ceta. Sai aka samo tiren ƙarfe na kai shayi, aka kife shi a saman akwatin bisa marafan kwalba, aka juya iskar ta riƙa dukan tiren daga baya. Duk wanda ya ɗora hannu zai ji zafi, Bijimi kuwa yana ƙasa cikin sanyinsa. Gardama ta tashi kan sautin. Akanta ya ce ya yi siriri, na asali ya fi kauri. Aka cusa drayar cikin kwalin takardar firinta, aka huda shi, aka gwada, aka ƙara huji, har Sakatariya ta rufe ido ta ce, "Shi ne. Wallahi kamar ya dawo."

Ita kuma Sabuwa ta raba allurar da Bijimi, ta rubuta mata abin da za ta riƙa nunawa. Ta sa ta ɗan riƙa rawa a ƙarshen ja don ta yi kama da gaske.

"Ki daina mata wannan karkarwar," in ji Akanta, yana share gumi. "Ta da ba ta rawa. Mai gaskiya ba ya rawa."

Ta tsayar da ita cak a kan ɗari.

Manaja ya fito da ya ji gurnani. Ya tsaya ƙarƙashin allo, ya soke yatsa a bel, fuskarsa ta washe. Ya tako zuwa kusurwa. Wayar drayar, ruwan hoda, tana kwance a tsakiyar hanya. Bai dubi ƙasa ba, amma da ya iso kanta ya ɗaga ƙafa sosai ya tsallake.

"Yauwa," ya ce. "Ashe kina jin magana."

Mai Kamfani dattijo ne ɗan siriri, mai tafiya a hankali, ba ya son kujera. Yana shigowa Akanta ya hau dukan kalkuleta kamar ta yi masa laifi, Sakatariya ta ɗauki waya tana amsa kiran da ba a yi ba. Dattijon ya tsaya gaban allura ya daɗe yana kallo.

"Har yanzu?" ya tambaya, da ƙarfi saboda ƙarar.

"Har yanzu, ranka ya daɗe!" in ji Manaja. "Ko numfashi ba ma yi!"

Ya ƙarasa kusurwa, ya ɗora tafin hannunsa a kan tiren, ya janye da sauri yana yarfewa. "Allah sarki. Ya ma fi na wancan zuwan zafi." Ya shaƙi iska, ya ɗan yamutsa hanci. "Ƙamshin man gashi nake ji."

Ya dubi Akanta, wanda kansa ke ƙyalli kamar ƙwarya.

"Ni ce, ranka ya daɗe," in ji Sakatariya da sauri, tana gyara mayafi.

"To, madalla." Ya sake duban Bijimi da tausayi. "Wa ke kula da shi?"

Manaja ya waiga. Sannan ya nuna Sabuwa da baki. Ta miƙe. Daga inda take tsaye tana ganin ƙaramar fitilar Bijimi tana ƙiftawa a hankali, sau ɗaya duk daƙiƙa. A daidai lokacin wata oda ta faɗo ta wuce, ba wanda ya ji ta cikin hayaniyar. Maganar ta taho mata har maƙogwaro. Layi ɗaya ne kawai, da za ta iya nuna masa. Ta ga Sakatariya ta riƙe kan wayar da hannu biyu, ta ga salatif maƙale a gwiwar wandon Akanta. Ta haɗiye.

"'Yata, ke kika riƙe wannan wuta bai ƙone ba?"

"Ni ce, Baba."

"Allah ya yi miki albarka. Manaja, kada ka kuskura ka bar yarinyar nan ta tafi." Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa. "Kuma wannan wahalar ta yi masa yawa shi kaɗai. Wata mai zuwa zan aiko da wani ya taya shi. Ina son in zo in ga dukkansu biyu suna aiki haka."

"Allah ya ƙara girma!" in ji Manaja, ya bi shi da rakiya.

Akanta ya ajiye kalkuleta, ya sauke numfashi. "Sai a fara neman wata drayar," ya ce.

Da Manaja ya dawo, a tsaye ya faɗa mata hukuncinsa, yana magana da allurar maimakon ita. Ya ce an ɗauke ta. Ya ce daga yau ba ruwanta da tawada, aikinta shi ne ta tabbata Bijimi bai sake yin abin da ya yi da safe ba. Ya ce kada ya fito ya same ta zaune hannu a cinya, a nan ba a zaman banza. Ta ce ta gode. Ya shige ya rufe ƙofa.

Ta zauna a teburinta. Babu abin yi. Ta buɗe manhajar ta dubi layinta, yana nan inda ta sa shi. Ta rufe. Ta sake buɗewa, ta kama kanta tana yi, ta rufe. Ta tura wa Mama saƙo, amsar ta zo da addu'a mai tsawo, a ƙarshenta an rubuta: to yaushe za a ƙara miki girma?

Lokacin tashi ya yi, ya gota. Kowa na zaune yana motsa takarda, ido na satar kallon ƙofar Manaja. Sai ga mai shagon gyaran gashi ta hawo, hannunta duk kumfa, a bayanta wata mata da tawul a ka, ruwa na ɗiga mata a wuya.

"Bayin Allah, aro fa na ba ku, ba kyauta ba. Ga mutum nan kanta jiƙe tun ɗazu."

Sakatariya ta yi mata alamar ta rage murya, ta dubi Sabuwa. Sabuwa ta durƙusa bayan teburin, ta zare wayar daga soket, ta ɓare salatif, ta fito da drayar daga kwali ta miƙa. Matan suka sauka.

Shirun ya dawo. Allurar na nan a kan ɗari, ja wur, ba ta san an yi ba. Agogo ya ci gaba da bugawa. Kowa ya riƙe numfashi yana jiran ƙofa ta buɗe kamar ɗazu, amma ba ta buɗe ba. Daga bayan ƙofar wani sauti ya taso, mai kauri, yana hawa yana sauka, da ɗan fito a ƙarshensa. Minshari ne, na wanda ya yi wuni mai wahala.

Akanta ya dubi Sakatariya. Sakatariya ta dubi silin. Akanta ya jawo kalkuleta ya ci gaba da dannawa, a hankali yanzu, don kada ya tashe shi.

Sabuwa ta ɗaga tiren ta taɓa saman Bijimi. Ya yi sanyi kamar randa. Ta duba teburinta sau ɗaya, ba ta ga komai ba. Ta ɗauki lanƙwasasshiyar rular ta sa a jaka, ta rataya jakar a kafaɗa, ta bi ta ƙarƙashin jar allurar, ta ja ƙofa a hankali ta sauka.